Akwatin Tambaya: Makin shafina 14 ne, shi ya sa ba a gani na?

Wasiƙun wannan watan kamar masu su sun haɗa baki. Kusan rabinsu a kan abu ɗaya suke kewayawa, wato ƙimar shafin intanet: wa ke auna ta, me take ƙara wa mutum a sakamakon bincike, kuma me ya sa manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke ambaton wani su tsallake wani. Na tsamo biyar. Na rage wa wasu tsawo, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina rubutu a shafina a kan gyaran wayar hannu, sana'ar da nake yi da hannuna. Wani ya duba mini ya ce makin ƙimar shafin 14 ne cikin 100, kuma muddin bai kai 40 ba, ko zan shekara goma ina rubutu Google ba zai sa ni a sahun gaba ba. Gaskiya ne? Wai ma wa ke ba da makin nan? Daga mai gyaran waya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da wutsiyar tambayarka zan fara, don a nan maganar take. Makin nan ba daga Google ya fito ba. Kamfanoni ne masu sayar da kayan nazarin shafuka, kowanne ya ƙirƙiro ma'auninsa. Na Moz sunansa Domain Authority, na Ahrefs shi ne Domain Rating, Semrush na da Authority Score, Majestic kuma na da Trust Flow. Kowane kamfani yana da 'yan aikensa, wato ƙananan manhajojin da ke yawo a intanet suna ƙirga wa ya saka mahaɗi zuwa shafin wa, daga nan ya yi lissafinsa ya fitar da lamba. Shi ya sa in ka kai shafi ɗaya wuri uku, lamba uku za a ba ka. Ma'aikatan Google, musamman John Mueller, sun sha nanata cewa ba sa amfani da makin Moz wajen jera sakamako. Su kansu mutanen Moz ba su ce ana yi ba, hasashe suka kira shi.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Tushen maganar ya koma 1996 a jami'ar Stanford ta Amurka, inda ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki mai suna BackRub, wanda ya rikiɗa ya zama Google a 1998. Injinan bincike na wancan lokacin kalmomin da ke cikin shafi suka fi dubawa, don haka duk wanda ya cusa kalma sau ɗari sai ya haye sama. Su kuwa suka ce kada a tambayi shafi halinsa, a tambayi maƙwabta. Duk mahaɗin da wani ya saka zuwa wurinka shaida ce ya ba ka. Kuma shaidun ba ɗaya suke ba. Shaidar wanda shi ma jama'a suka shaide shi ta fi nauyi, sannan nauyin rabawa ake yi: shafin da ya nuna wuri uku, kowanne zai sami kaso mai tsoka, wanda ya nuna wuri ɗari uku kuwa ɗan gutsure kowa zai tsira da shi. Wannan lissafin ne ake kira PageRank. A takardar da suka wallafa a 1998 sun misalta shi da wani mai yawo da ke latsa mahaɗai barkatai. Kashi 85 cikin 100 na lokaci yakan bi mahaɗin da ke gabansa, sauran 15 ya gaji ya yi tsalle ya dira wani wuri dabam. Inda mai yawon nan ya fi yawan faɗowa, nan ne mai ƙima.

Mu da muka shiga aikin kula da shafuka da wuri mun san wani koren layi da Google ke nunawa a saman burauza, daga 0 zuwa 10. Mukan zuba masa ido kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Da ya zama haja, ana yi wa mahaɗi kuɗi gwargwadon tsawon koren layin, sai Google ya gaji ya ɗauke shi baki ɗaya a 2016. Makin da aka karanta maka magajin wannan layin ne, sai dai magaji ne da ba ɗan gidan ba.

Ba zan ce maka Google ba ya kallon gida, wato shafin, gaba ɗayansa ba, sai ɗaki-ɗaki, wato rubutu-rubutu. A watan Mayun 2024 dubban shafuka na takardun cikin gida na sashen bincikensa sun fito fili, masana harkar bincike Rand Fishkin da Mike King suka yi sharhi a kansu, aka ga wani gurbi mai suna siteAuthority. Kamfanin ya amsa cewa takardun nasa ne, amma ya ja kunne kada a yanke hukunci da bayanin da aka tsinta ba tare da sauran mahallinsa ba. Takardun sun nuna sunan abin, ba su nuna nauyinsa a lissafi ba. Kafin nan kuma, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin a 2023, wani babban jami'insa, Pandu Nayak, ya yi bayanin wani tsari mai suna Navboost, mai duba abin da mutane suka latsa a sakamakon bincike cikin watanni 13 da suka gabata. Ka ga ke nan masu ba da shaida ba masu mahaɗi kaɗai ba ne, har da masu karatu da yatsunsu.

Abin da mai duba maka bai faɗa ba shi ne ƙima tana tafiya ne da fanni. Babbar jarida mai maki 90 ta fi ka a kan labarin zaɓe, amma me ta sani game da wayar da ta faɗa ruwa, ta bushe, take caji amma bakin cajin na ɗaukar zafi? Kai ka buɗe irinta, ka ga koren tsatsar da idonka. Google yana da wani kundin jagora da yake bai wa dubban mutanen da ya ɗauka su duba ingancin sakamako. A ciki ana neman ƙwarewa, da sanuwa a fannin, da amana, sai a Disambar 2022 aka ƙara na huɗu: ko marubucin ya taɓa abin da kansa. Hukuncin masu dubawan ba ya ɗaga shafi ko ya sauke shi kai tsaye, auna tsarin ake yi da shi, amma kundin yana nuna inda kamfanin ya dosa. Wannan na huɗun a hannunka yake, ba sai ka saya ba. Abu ɗaya dai, kundin ya fi tsanantawa a kan abin da ya shafi lafiya, kuɗi da tsaron rai. In za ka yi rubutu a kan batirin da ya kumbura, ka yi shi da hankali, ka faɗi haɗarin ƙarara.

Maganar sai ka kai 40 kuwa, babu wata ƙofa a 40. Ka yi wannan gwajin yau: rubuta tambayar da kake so a same ka da ita, ka dubi goman farko. In ka ga ƙananan shafuka da zaurukan hira a ciki, to fili a buɗe yake. In duk manyan kamfanonin waya ne da manyan jaridu, ka ƙyale musu, ka nemi tambayar da ta fi ƙunci, irin wadda ake kawo maka a teburin aiki. Sannan ka buɗe Search Console, kyauta ne, kuma alƙaluman cikinsa na Google ne da kansa: sau nawa aka nuna ka, a kan wace kalma, a matsayi na nawa, mutum nawa suka latsa. Ni in an ba ni zaɓi tsakanin wannan da lambar 14, ban ma waiwayi lambar ba.

TAMBAYA: Malam, wani ya turo mini saƙo cewa zai samo mini mahaɗai 500 cikin mako guda, kuma ya yi alkawarin makin shafina zai ninka. Har hotunan aikin da ya yi wa wasu ya nuna mini, makin kuma ya hau da gaske. In karɓa? Daga wani sabon shiga.

AMSA: Ƙanena, ni na karɓa, don haka ba daga littafi zan ba ka amsa ba. A 2011 ina kula da shafin wani mai sayar da kayan ofis. Yana matsa mini lamba, ni kuma ina jin kunyar watanni sun wuce ba abin nunawa. Sai na biya wani dillali da ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya zuba mana mahaɗai a ƙarƙashin sharhin shafukan da ba wanda ke karantawa, da wasu kundayen adireshi da aka gina don wannan kawai, kusan duka da kalma iri ɗaya. Abin ya yi aiki, ban ɓoye maka ba. Muka hau, mai shafin ya yi ta sa mini albarka, ni ma na fara jin kaina wani gwani. A shekarar ma jaridar New York Times ta tona yadda kamfanin J.C. Penney na Amurka ya mamaye sahun farko da irin waɗannan mahaɗan, Google ya sauke shi. Na karanta labarin, na ce wa raina wannan na manya ne, wa zai kula da mu.

A watan Afrilun 2012 Google ya saki garambawul ɗin da ake kira Penguin, mai farautar mahaɗan banza. Na wayi gari na duba, kalmomin da muke saman su jiya sai na yi ta juya shafin sakamako ban gan mu ba. Na ɗauka intanet ɗina ne. Wata da watanni na yi ina rubuta wa masu shafukan nan wasiƙa ina roƙon su cire mahaɗan, mafi yawa ba su amsa ba, wasu suka ce sai na biya kuɗin cirewa. Na biya a saka, ga shi ana so in biya a cire. Sai a Oktoba na shekarar Google ya fito da hanyar da mutum zai miƙa jerin mahaɗan da ya barranta da su. Mai shafin bai jira ba, ya sallame ni, kuma bai zalunce ni ba.

Yau lamarin ya ɗan sauya. Tun 2016 Penguin ya fi karkata ga yin watsi da mahaɗan banza maimakon hukunta shafin gaba ɗaya, ko da yake har yanzu ma'aikatan kamfanin na iya yanke wa shafi hukunci da hannu in abin ya yi ƙamari. Wato mafi rinjayen abin da zai same ka shi ne ka yi asarar kuɗinka, ba ka hau ba, ba ka sauka ba. Hotunan da ya nuna maka kuwa ina jin na gaske ne, kuma a nan wayon yake. Lambar Moz ko ta Ahrefs ya koyi turawa sama, don ma'aunin kamfanonin ya fi na Google sauƙin yaudara. Ka ce ya nuna maka yawan masu ziyara daga bincike kafin aikin da bayansa, ka ga ko zai sake amsa saƙonka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Biyan kuɗi don a ambace ka ba laifi ba ne a kan kansa, talla ce. Sharaɗin Google shi ne a yi wa mahaɗin alama. Tun 2005 akwai alamar nofollow, a 2019 aka ƙara sponsored don mahaɗin da aka biya, da ugc don wanda masu ziyara suka saka. Da alamar, ka sayi idon masu karatu. Ba tare da ita ba, shaidar zur ka saya.

Mahaɗan da suka daɗe suna yi mini aiki, da na waiwaya, kusan duk daga abu ɗaya suka zo: wani abin da babu shi a wani wuri. Jadawalin da na zauna na haɗa da kaina, hoton da na ɗauka, gwajin da na yi na rubuta sakamakonsa har da inda ya ƙi. Marubuci in yana neman abin da zai kafa hujja da shi, dole ya nuna inda ya samo. Hanyar tana da jinkiri, ban musa ba.

TAMBAYA: Malam, ina da shafi a kan kula da keken ɗinki. Akwai rubutuna a kan abin da ke sa zare tsinkewa, shi ne na uku a Google. Amma taƙaitaccen bayanin da ƙirƙirarriyar basira ke sakawa a sama bai ambace ni ba, ya ambaci wani zauren hira da wani shafin da ko a goman farko ba ya nan. Na tambayi ChatGPT, ita kuma ta nuna wani shafi da ya kwafi rubutuna kusan kalma da kalma. Ina amfanin ƙimar da na tara? Daga wata mai ɗinki.

AMSA: Malama, wannan ita ce wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai, kuma takaicinki a kan hanya yake. Sai dai akwai abu biyu da ake cakuɗawa, gara mu raba su.

Manhaja irin ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen Nuwambar 2022, tana da abin da ta haddace daga ɗimbin rubutun da aka horar da ita da shi. In daga hadda ta amsa, ba ta da takamaiman shafin da za ta nuna, don ba shafi-shafi ta adana ba. In aka matsa mata ma takan ƙago adireshin da babu shi. Ambato na gaske yana zuwa ne ta hanya ta biyu: manhajar ta je ta yi bincike a lokacin da aka tambaye ta, ta kwaso shafuka, ta karanta, ta rubuta amsa daga cikinsu, ta liƙa mahaɗi. Masu bincike a sashen basira na Facebook ne suka sa wa wannan dabara suna a wata takarda a 2020, kuma a kanta ake tafiya yanzu. Copilot na Microsoft da injin binciken Bing ya dogara. Taƙaitawar Google, wadda aka buɗe wa kowa a Amurka a Mayun 2024, daga rumbun Google take ɗiba. ChatGPT ta sami sashen bincike a ƙarshen Oktoban 2024, tana da ɗan aikenta, tana kuma karɓa daga wasu injinan bincike.

Ga inda ƙimarki take aiki: ita ke shigar da ke cikin tarin shafukan da za a kwaso. Wanda injin bincike bai yarda da shi ba da wuya ya kai gaban manhajar balle a karanta shi. Amma shiga tarin daban, a zaɓe ki daban. Google da kansa ya bayyana cewa tsarin nasa yakan fasa tambaya ɗaya zuwa ƙananan tambayoyi da yawa ya bincika kowacce. Wadda ta rubuta "me ya sa zare ke tsinkewa" ba ta sani ba, a bayan fage an nemi maganar ɗaurin zaren sama, an nemi girman allura, an nemi tsohon zare, an nemi ƙura a gidan bobin. Shafin nan da kika ce ba ya cikin goman farko, mai yiwuwa shi ne na ɗaya a kan girman allura. Ke kina kallon tsere guda, alhali tsere da yawa aka yi.

Bayan haka, manhajar sakin layi take nema, wanda zai tsaya da ƙafarsa in an yanke shi daga sauran rubutun. Na buɗe rubutun naki da kika turo. Yana da kyau, kuma a bayyane yake kin san keken. Amma sakin layi huɗu na farko labarin yadda kika fara ɗinki ne, dalilan tsinkewar kuma suna warwatse a tsakiya, mafi muhimmancinsu ma a cikin hoto kika rubuta shi, inda ɗan aike ba lallai ya karanta ba. Mutum zai bi ki a hankali ya ji daɗi. Manhaja kuwa ta sami wani a zauren hira da ya ce a layi biyu, allura lamba kaza ba ta ɗaukar zare mai kauri kaza, sai ta ɗauke shi ta wuce. Ba na cewa ki zubar da labarinki. Ki sa amsar a gaba, a fili, da lambobin allura da na zare, labarin ya biyo baya.

Akwai nazarin da ya taɓo wannan. A Nuwambar 2023 wasu masu bincike daga jami'ar Princeton da wasu cibiyoyi sun gwada gyara rubutu ta hanyoyi daban-daban don ganin wanne manhaja za ta fi ɗauka. Ƙara alƙaluma, da ambaton majiya, da kawo maganar masana sun ɗaga rabon rubutu a cikin amsa har zuwa kusan kashi 40 cikin 100 a wasu gwaje-gwajen. Cusa kalma sau da yawa, tsohuwar dabarar nan, bai tsinana komai ba. Abin da ya fi burge ni shi ne shafukan da ke ƙasa a jeri su suka fi cin ribar gyaran. Amma ki lura, gwajin a kan shafukan da aka riga aka kwaso aka yi shi, wato waɗanda suka riga suka shiga ɗaki. Kuma kada wannan ya sa wani ya ƙago alƙaluma, na san halin mutanenmu masu neman gajeriyar hanya.

Zauren hira da kika gani ba mamaki ba ne. Manhajojin nan suna son wuraren da mutane ke faɗin abin da ya same su da bakinsu, kuma a Fabrairun 2024 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Google ya ƙulla yarjejeniya da dandalin hira na Reddit ta kusan dala miliyan 60 a shekara don amfani da rubutun dandalin. Wannan son ya taɓa jawo abin kunya. A makonnin farko na taƙaitawar, ta shawarci mutane su zuba gam a miyar fiza don cuku ya manne, aka bi sawu aka tarar wata tsohuwar barkwanci ce da wani ya rubuta a Reddit shekaru da suka wuce. Gidan yana da ƙima, ɗakin da aka shiga kuwa na mai wasa ne, manhajar ba ta bambance ba.

Maganar wanda ya kwafe ki, ba ke kaɗai ba ce. A Maris na 2025 cibiyar Tow ta jami'ar Columbia ta gwada manhajojin bincike takwas, tana ba su yankin labari tana neman su faɗi inda ya fito. Fiye da kashi 60 cikin 100 na amsoshin ba daidai ba ne, kuma sau da yawa sukan nuna kwafi su bar asali, har da na manyan jaridu. In haka ta sami masu ɗakunan lauyoyi, to ba raina ki aka yi ba. Abin da ke hannunki: ki sa sunanki da ranar wallafa a fili a kan kowane rubutu, ki kai ƙarar kwafin ta fom ɗin haƙƙin mallaka na Google da kuma wurin kamfanin da ke ɗauke da shafin ɓarawon. Sannan kada ki yanke hukunci da tambaya ɗaya. Ki yi wa manhajar tambayar sau biyar a ranaku daban-daban, za ki ga majiyoyin suna canzawa.

Wani abu kuma da ba ki tambaya ba, amma gara ki ji daga gare ni. Ambaton ba ya kawo baƙi kamar yadda ake zato. Cibiyar Pew ta bi yadda wasu Amurkawa ke bincike a Maris na 2025, ta tarar idan taƙaitawar ta bayyana, kashi 8 cikin 100 na ziyara ne ake latsa wani sakamako, idan babu ita kashi 15. Latsa mahaɗin da ke cikin taƙaitawar kanta kuwa kashi 1 ne. Matsayinki na uku har yanzu ya fi ambaton nan kawo miki mutane. Ki nemi ambaton, amma kada ki rushe rubutun da ke aiki saboda shi.

TAMBAYA: Malam, an ce in toshe 'yan aiken kamfanonin basira daga shafina don kada su ci guminmu a banza. Wani kuma ya ce in na toshe, Google zai daina nuna ni. Wanne zan bi? Daga mai shafin koyar da lissafi.

AMSA: Malam, dukansu sun faɗi rabin gaskiya, don 'yan aiken ba ɗaya ba ne. A fayil ɗin robots.txt, inda mai shafi ke faɗa wa 'yan aike inda ba ya so su shiga, wanda ake amfani da shi tun 1994, kana iya kiran kowanne da sunansa. GPTBot na OpenAI, kamfanin ChatGPT, rubutun horarwa yake tarawa, OAI-SearchBot kuma shi ke sa a same ka a binciken ChatGPT. Kana iya korar na farko ka bar na biyu. A ɓangaren Google, Google-Extended da aka fito da shi a Satumbar 2023 yana hana amfani da rubutunka a Gemini, manhajar basirar Google, kuma bai taɓa matsayinka a bincike. Wanda in ka toshe ka ɓace shi ne Googlebot. Sai dai taƙaitawar da ke saman sakamako a ƙarƙashin Googlebot take, don haka Google-Extended ba ya fitar da kai daga cikinta. Mai son fita sai ya sa alamar nosnippet, ita kuma tana ɗauke har ɗan bayanin da ke fitowa ƙarƙashin sunan shafinka a sakamako na yau da kullum. Ni ban yi ba, don cinikin bai yi mini ba. Ka kuma sani robots.txt roƙo ne ba kwaɗo ba, ɗan aike mai mutunci ne ke bin sa. Fayil ɗin llms.txt da ake ta yayatawa kuwa, mai nuna wa manhajojin basira abin da ke shafi, shawara ce da Jeremy Howard ya kawo a Satumbar 2024, kuma ma'aikatan Google sun ce bincikensu ba ya amfani da shi. Saka shi ba ya cutarwa, amma kada ka biya kowa a kansa.

TAMBAYA: Na ga ana gwanjon wani tsohon adireshin intanet na wata ƙungiyar likitoci da ta daina aiki, makinsa 52. Ina so in saya in ɗora shafina na sharhin wasanni a kai, in gaji ƙimarsa. Yaya ka gani, Malam? Daga mai son ƙwallo.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan rigar aro ce, kuma an riga an san ta. A Maris na 2024 Google ya sa sayen mataccen adireshi don cin gajiyar tsohon sunansa a jerin laifuffukan da yake hukuntawa, tare da ɗan'uwansa, wato hayar lungu a babban shafi don a jingina da ƙimarsa, wanda hukuncinsa ya fara aiki a watan Mayu na shekarar. Ko ba hukunci ma, waɗanda suka saka mahaɗan nan likitoci suka shaida, a kan maganar lafiya, ba su san ka ba balle ƙwallonka. Sayen tsohon adireshi ba haramun ba ne in sunan ne ya yi maka kuma abin da za ka ɗora na gaske ne. In har ka nace, kafin ka biya ka shiga Wayback Machine na Internet Archive ka sa adireshin, ka duba abin da aka ɗora a kai shekara bayan shekara. Sau biyu ina yi wa mutane wannan dubawar, duka biyun na tarar bayan masu asalin sun tashi, shafin caca ya zauna a wurin kafin a kai shi gwanjo.